Na Ƙarshe Shi Ke Cewa A Tafi

Wendell Absher bai hau keke da sunan nishaɗi ba sai da ya haura hamsin. Kafin nan motar gidan waya ce ƙafarsa. Rabin rayuwarsa ya yi yana raba wasiƙu a kwarin kogin Yadkin da tuddan da suka kewaye garin Laurel Ford, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a waje yana buɗe akwatunan bakin hanya. Ya san gadar da ruwa ke shanyewa in an kwana ana ruwa. Ya san gidan da karensu haushi kawai yake yi, da gidan da nasu ba ya ɓata baki sai dai ka ji haƙori. Ya san kwanar da tsakuwa ke taruwa bayan masu gonar tuffa sun wuce da tarakta. Abin da bai sani ba shi ne zuciyarsa ta gaji da soyayyiyar kaza da zaman mota, sai ranar da ta kayar da shi a bakin akwatin wani gida da wasiƙun mutane a hannunsa.

Likita ya ce masa ko ya fara motsa jiki, ko ya je bayan coci ya zaɓi wurin kwanciya kusa da matarsa. Wendell ya ji, ya dawo gida, ya zauna gaban talabijin yana tausayin kansa. A nan Odell Triplett ya same shi.

Odell ya girme shi da shekara bakwai ko takwas. Kafinta ne, ya yi aiki a masana'antar kujeru har aka rufe ta, siriri kamar sillen kara, ba shi da yawan magana sai in zai tsokani mutum. Ya zo da a-kori-kurarsa, ya sauke wani tsohon keke a gaban barandar Wendell, ya ce, "Ga shi. Asabar da safe, gaban kantin Mis Nadine. In ba ka zo ba zan zo in ɗauke talabijin ɗin nan, na san inda kake ajiye mabuɗi."

"Ni da wannan tumbin, a cikin wandon nan naku mai kama jiki? Kana so yaran gari su mutu da dariya?"

"Sun daɗe suna yi, kai ne dai ba ka ji."

Haka Wendell ya shiga cikin masu keken Asabar. Ba su da suna, ba su da shugaba na takarda, tsofaffi ne da 'yan tsaka-tsaki da ke taruwa su zaga tuddai su dawo su ci burodin masara a kantin Mis Nadine. Amma suna da doka guda wadda kowa ya sani. In aka zo tudu, kowa ya hau da ƙarfinsa, a sama kuma a tsaya a jira na ƙarshe. Wannan rabin dokar ke nan, kuma shi ne rabin da kowace ƙungiya ke tutiya da shi. Ɗaya rabin ne mai wuya: in na ƙarshen ya iso, babu mai motsi sai shi da bakinsa ya ce a tafi. Dalilin a fili yake. Wanda ya riga isa ya sha ruwa, ya ci ayaba, numfashinsa ya dawo, har ya fara jin sanyi. Wanda ya iso yanzu ƙirjinsa kamar zai tsage. In ka taka feda da zarar ka hango hular kwanonsa ta ɓullo, to ba jiransa ka yi ba, hutunka ka yi, shi kuma ka ja shi zuwa tudu na gaba ko ƙafa bai sauke ba.

Shekarar farko Wendell ne na ƙarshe a kowane tudu, har da waɗanda ba su isa a kira su tudu ba. Ya kan iso fuska ja wur, ya jingina da shingen wata gona, ya kasa ko buɗe gorar ruwansa. In wani ya fara duba agogo, sai Odell ya ɗauko labarin wani kare da ya taɓa bin sa har cikin coci, ya yi ta jan sa yana ƙara masa ƙafafu, har Wendell ya farfaɗo ya ce, "To, mu je." Sai da aka daɗe Wendell ya gane labarin karen ba ya ƙarewa sai numfashinsa ya daidaita.

Tumbi ya zube, ƙafa ta yi ƙarfi. Da ya yi ritaya kuwa sai keke ya zama sana'arsa. Tun da babu wanda ya kai shi sanin hanya, shi aka bar wa zaɓen inda za a bi kowace Asabar, kuma yabon gwani ya zama dole, mutumin ya iya haɗa hanya. Zai fara da bakin kogi don ƙafa ta ɗumama, ya ratsa gonakin tuffa, ya ajiye babban tudu a tsakiya lokacin da rana ba ta yi zafi ba, ya dawo da mutane ta gangare mai inuwa inda motoci ba sa bi. Labari ya kai birni. Mutane suka fara zuwa daga Charlotte da kekuna a saman mota, kekunan da za ka ɗaga da yatsa biyu. Cikinsu akwai Corbin Hale, likitan haƙori, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai fara'a da saurin tsiya.

"Mista Wendell, rantse min ba injin ka ɓoye a keken nan ba," in ji Corbin wata rana a saman tudun cocin Bethel, ganin sun iso tare. "Babana sa'anka ne, daga kujera zuwa firji yake haki."

Wendell ya yi dariya ya ce ai wasa yake yi, amma maganar ta shige shi. Duk hanyar gida yana juya ta a ransa. Mutumin da aka ce ya zaɓi kabari, yau ga shi kafaɗa da kafaɗa da yaran da ya isa ya haifa. Daɗin baki ya fi giya bugarwa, musamman ga tsohon da ya daɗe bai ji an yabe shi ba.

A daidai wannan lokacin ne Odell ya fara zama na ƙarshe. Ba ciwo ba ne, shekaru ne kawai suka zo karɓar nasu. Yana hawa kamar yadda ya saba, a zaune, a hankali, kai a sunkuye, sai dai tazarar da ke tsakaninsa da sauran tana ƙaruwa daga wata zuwa wata. A sama kuma baƙin ba su san labarin kare ba. Sukan tsaya ƙafa ɗaya a feda, suna duba ƙaramin agogon da ke manne a kan keke, suna kallon Wendell, don shi ne mai hanya.

Takalmin masu irin wannan keken yana da ƙarfe a tafinsa wanda ke maƙalewa a feda da ƙara, ƙas. In jagora ya maƙala nasa, kowa zai maƙala, ba sai an yi magana ba. Ranar farko da Wendell ya yi haka kafin Odell ya buɗe baki, akwai hadari a yamma, yana da hujja. Odell ya iso, yana shirin zare ƙafa, sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas ta ko'ina. Ya ɗaga kai ya dubi Wendell, ya mayar da kai, ya bi su. Asabar ta gaba sama garau take, ko gajimare babu, Wendell ya sake yi.

Ba mugunta ba ce, ko kuwa haka yake gaya wa kansa. Ai an jira shi. Ai gangare ne a gaba, zai huta a kan keke. Ai da ya gaji da ya faɗa. Wannan ta ƙarshen ita ce ƙaryar da ta fi kowacce girma, domin Wendell ya san Odell tun kafin furfura, ya san gara ya faɗi a kwalta da ya ce wa likitan haƙori daga birni, ku dakata in numfasa. An yi dokar ne daidai saboda kada mutum ya roƙa.

Wata Asabar a farkon bazara, da suka sauko gadar ƙarfe inda hanya ta rabu biyu, Odell ya matso kusa da shi.

"Ni zan bi bakin kogi in koma gida. Verna na so in gyara mata ƙofar kaji."

Wendell ya san Verna, matar Odell, tana garin Boone wurin ƙanwarta tun ranar Alhamis, don shi ya gan ta tana shan mai a hanyar tafiya. Ya san Odell ya san ya sani. Abin da ya kamata ya ce a bakinsa yake: ni ma zan bi ka, Corbin ya san sauran hanyar. Maimakon haka ya ce, "To, ka gaishe ta."

Odell ya juya keke ya bi hagu. Abin da ya fi ci wa Wendell rai daga baya ba kalmomin ba ne. Sauƙin da ya ji ne a ƙirjinsa, kamar an sauke masa kaya, tun bayan Odell bai gama ɓacewa a kwana ba. Ranar suka hau tudu uku ba tare da tsayuwar kirki ba, Corbin ya ce bai taɓa jin daɗin tafiya irin ta yau ba, Wendell kuma ya yarda da shi. Sai da ya zauna a kantin Mis Nadine, ta ajiye kofin shayi mai ƙanƙara a gaban kujerar da Odell ke zama, ta duba ƙofa ta ce, "Ina tsohon nawa?" sannan ya ajiye burodin da ke hannunsa, bai ƙara taɓa shi ba.

Odell bai zo Asabar ta gaba ba, haka ma wadda ta biyo ta. Wendell ya ce zai kira shi in an kwana biyu, kada ya zama kamar yana matsa masa. Kwana biyu suka zama wata, wata ya zama abin kunya, domin yanzu in ya kira dole ya faɗi abin da ya hana shi kira. A coci ya koma zama can baya kusa da ƙofa, ana cewa amin ya fice.

Sai abin ya shiga cikin hanyoyinsa. Gidan Odell a bakin kogi yake, a kan hanyar da ta fi kowacce kyau a yankin, mai inuwar itatuwa da ƙarar ruwa, wadda kusan kowace tafiya da ita ake farawa. Wendell ya daina bi ta nan. Ya riƙa zagayawa da mutane ta bayan tsohuwar masana'anta, ta babban titi inda manyan motocin katako ke wucewa suna watsa musu ɓawon itace.

"Mista Wendell, ina hanyar kogin nan tamu?" in ji Corbin. "Don ita nake tuƙo mota tun asuba."

"An zuba tsakuwa. Ba ta da kyau yanzu."

"Na bi ta da mota ɗazu, sumul take."

"To kai za ka ja tafiyar ko ni?"

Corbin ya ɗaga hannu biyu ya ja da baya yana mamaki, don bai taɓa jin tsohon ya yi tsawa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Haka bazara ta wuce, ganye ya fara ja, aka fara tsinkar tuffa. Wendell ya tsaya a rumfar wata gona zai sayi tuffa, sai ga Verna Triplett a gabansa da kwando a hannu. Gajeriyar mace ce mai farin gashi da tabarau, ta koyar da rabin garin karatu a makarantar firamare, kuma har yau in ta dubi mutum ta saman tabarau sai ya ji kamar bai yi aikin gida ba.

"Wendell Absher. Ashe kana raye."

"Mis Verna, ina kwana? Ya mai gidan? Kullum ina cewa zan leƙo."

"Kana cewa wa? Tuffa?" Ta ajiye kwandon. "Ba ya so in faɗa maka, amma ni ban yi masa alkawari ba. Kowace Asabar da safe yana ɗaukar kofinsa ya zauna a baranda. Ya ce in kun zo wucewa zai ɗaga muku hannu, ya ga ko wannan likitan ya koyi tuƙa keke a miƙe ba karkacewa. Yana zama har kofi ya huce, ya shigo ya ce wataƙila kun bi ta wani wuri. Tun watan Mayu kuke bi ta wani wuri."

Wendell ya buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka dalili ba. Shi ma bai gaya min abin da ya faru ba, cewa ya yi ƙafa ce ta gaji. Na yi shekara hamsin ina wanke wa mutumin nan wandon keke, na san gajiyar ƙafa, na san wadda ba ita ba." Ta ɗauki kwandonta. "Keken yana rataye a rumfa, gizo-gizo ya yi gida a taya."

Ya tsaya a wurin har mai rumfar ya tambaye shi ko zai sayi tuffar ne. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye hannunsa. Duk tsawon bazara yana tsammani guje wa idon Odell yake yi, ashe barin sa ya yi zaune yana kallon hanya.

Washegari Talata ce. Ya hau keke shi kaɗai ya bi bakin kogi, hanyar kuwa sumul kamar yadda Corbin ya faɗa. Ya sami Odell a rumfa yana goge wata kujera da ya ƙera. Ya ƙara ramewa, wuyansa ya yi tsawo a cikin riga.

"A'a, ɗan gidan waya. Wasiƙa ka kawo?"

"Odell, na zo ne in ce maka..."

"Miƙo min tsumman can."

Ya miƙa masa. Ya sake farawa, Odell ya tambaye shi ko har yanzu karen gidan Pruitt na cizo. Sau uku yana ɗauko maganar, sau uku Odell na kawar da ita, har Wendell ya gane ba za a bar shi ya sauke wannan kayan a nan ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi keken da ke rataye.

"Sauko da shi mu ɗan taka. Ni da kai kawai. Bakin kogi zuwa tudun tsohon injin niƙa mu dawo."

"Tayar ba iska."

"Na zo da famfo."

Odell ya daɗe yana kallon keken. Daga taga Verna na kallonsu, ba ta ma ɓoye ba. Can ya ce, "To sauko da shi, ni kafaɗata ba ta ɗaga hannu sama yanzu."

Suka fita. A shimfiɗaɗɗiyar hanya Odell yana nan yadda yake, bayansa a miƙe, tayarsa ba ta karkata ko kaɗan. Kogi na gefensu na dama, ruwan ya ja baya duwatsu sun fito, ganye na faɗowa a kwalta. Har tsokana ya yi, ya ce Wendell na taka feda kamar mai kashe kyankyaso. Zuciyar Wendell ta fara sanyi. Ya fara lissafi a ransa: kowace Talata su biyu, in ƙafar ta dawo zuwa bazara mai zuwa sai a koma Asabar, kuma duk wanda ya maƙala takalmi kafin Odell ya yi magana, ko likita ne ko gwamna, ya koma Charlotte.

Tudun injin niƙa ƙaramin tudu ne, shi ake ba sababbin shiga su gwada ƙafa. Wendell ya so ya hau a gefensa, amma tun a gindin tudun Odell ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Wuce. Kowa da ƙarfinsa. Kada ka yi min rakiyar gawa."

Ya wuce. A sama ya sauka gaba ɗaya, ya kwantar da keken a ciyawa, ya cire hular kwano, ya zauna a kan wani kututture inda ake hango kwarin duka, da kogin, da rufin cocin Bethel can nesa. Ya jira. Da Odell ya ɓullo daga kwanar ƙarshe, ba a kan keke yake ba. Yana tafe a ƙasa yana tura shi, ƙarfen takalminsa na ƙwanƙwasa kwalta. A duk shekarun da suka yi tare Wendell bai taɓa ganin ya tura keke ba. Ya yunƙura zai tashi ya tare shi, ya tuna wane ne, ya koma ya zauna.

Mai shekarun Corbin in ya ajiye keke bazara guda, sati uku sun ishe shi ya dawo. Mai shekarun Odell, abin da ke riƙe da ƙafarsa shi ne bai taɓa tsayawa ba. Wendell ya san wannan, kowa a cikinsu ya sani, shi ya sa ko a tsakiyar hunturu tsofaffin ba sa fashi.

Odell ya iso, ya jingina keken da shinge, ya zauna a ɗaya gefen kututturen. Numfashinsa na fita da ƙara. Wendell ya miƙa masa gora, ya karɓa ya sha. Suka zauna. Wata mota ta wuce, mai ita ya ɗaga musu yatsa daga sitiyari. Numfashin ya lafa a hankali, ya daidaita, amma Wendell bai ko kalli kekensa ba. Yana jiran kalma biyu ne kawai, kuma a shirye yake ya jira su har rana ta faɗi.

"Wendell."

"Na'am."

"Kana da waya a jikinka?"

"Ina da ita."

"Kira Verna ta zo da a-kori-kura. Na gama."

"Gangare ne fa daga nan har gida, ba sai ka taka ba. Talata mai zuwa kuma mu tsaya a bakin kogi, ba tudu, a hankali ƙafar za ta..."

"Na ce na gama, ɗan'uwa. Ba yau nake nufi ba."

Ya faɗe ta ba fushi, kamar mai faɗin cewa za a yi ruwa. Wendell ya ciro wayar daga aljihun bayan rigarsa. Idonsa ya cika, lambobin suka haɗe masa, yana ta laluben sunan. Sai ya ji hannun Odell a kan nasa.

"Ba yanzu ba. Bari in ɗan zauna tukuna," in ji Odell, idonsa a kan kwarin. "Rabona da in huta a saman tudu tun bara."

Wendell ya kife wayar a kan gwiwarsa, suka ci gaba da zama.